Takardar da Ta Zo Cikin Huhun Goro

Jiya da la'asar jikata, wadda ke kwaleji, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina ta buɗe littafinta na Ingilishi. Irin darasin nan ne da ake ba yaro guntun labari, a ƙarƙashinsa a jera masa tambayoyi: wa ya zo, ina ya tafi, me ya kai shi. Tana karatu tana hamma, tana korar ƙuda da alƙalami. Na tambaye ta, in ta kuskure amsa me ake yi mata. Ta ce, "Mushe, malaminmu, ya ja jan layi, shi ke nan, tsoho. Kai dai komai sai ka sa masa tsoro." Ta yi gaskiya. Ni mutum ne mai tsoro, tun ina yaro haka nake, in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa ta sau biyu. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ni ma an taɓa ajiye mini guntun labari na Ingilishi a gabana, aka yi mini tambaya ɗaya tak, kuma ba jan layi ke jirana ba in na kuskure.

Garinmu Gaya ne, a bakin kogi, amma Gayan da nake magana ba wannan ta yanzu ba ce. Babu gada, babu manyan motocin nan da ke jere suna jiran duwan, masu binciken kaya a iyaka, babu rediyo mai zuba harsuna a kowane shago. In gari ya waye abin da kunne ke fara ji shi ne turmi, a buga a wannan gida a amsa a wancan, sannan ƙahon bariki, sannan kukan jakunan masu gishirin Foga da suka kwana a zango. A bakin ruwa masu gyaran jirgi suna cusa tsumma cikin tsagar katako suna bugawa, ƙwas, ƙwas, tun hantsi har azahar. Mu yara aikinmu tsintar 'ya'yan giginya, mu binne ƙwallon don muruci, mu kai wa manya tuwo gona, mu kori tsuntsu a fadamar shinkafa har muryarmu ta dushe. A unguwa Dendanci ake yi, a kasuwa Hausa, mu kuwa duka biyun muka tashi da su, don kakanmu daga Katsina ya zo fatauci, ya auri 'yar gari ya zauna. Iyaka kuma tsofaffinmu ba su san ta ba, sai da Nasara iri biyu suka zo suka tara duwatsu cikin gonakin mutane, aka ce nan Faransi, can Ingilishi. Innarmu takan ce gero bai san da duwatsun nan ba, a duka gefen iri ɗaya yake nuna.

Da aka gina lakwal, makarantar Nasara, kusa da bariki, aka ce kowace unguwa ta ba da yaro. Ba wanda ke son ba da nasa. Ubanmu ya riga ya rasu, Baffa ƙanensa shi ke riƙe da gidan, yana da nasa 'ya'yan, saboda haka ni aka miƙa. Shekara huɗu na yi. Na iya karanta Faransanci, na iya ɗan lissafi, na kuma iya tsayawa ƙiƙam in babba na magana. Iyakar ilimina ke nan har yau. Unguwa ta sa mini suna ɗan lakwal, sunan bai bar ni ba sai da na yi furfura.

Shekarar da aka yi kamun soja saboda yaƙin da Nasara ke yi can ƙasarsu, sunan yayana ya faɗa cikin waɗanda za a ɗauka. Mu biyu ke nan wurin Inna. Ya bar matarsa da jaririya a baya, ya shiga jirgin wani masunci ya gangara ƙasar Ingilishi, kamar yadda samari da yawa suka yi. Gardawan bariki, dogaran Nasara, suka zo suka tafi da Baffa, suka shanya shi a rana kwana biyu. Ya rantse bai san inda yayana yake ba, kuma a kan gaskiya ya rantse. Da za a sake shi, kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya sa tafinta ya gaya masa cewa duk ranar da aka ji gidan ya sami labarin wanda ya gudu aka ɓoye, ƙanensa ne zai sa jar hular soja a madadinsa. Ƙanen kuwa ni ne, lokacin gemu ya fara tsiro mini. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ba mu ji komai ba.

Wata Talata, ranar kasuwa, wani baƙo mai goro ya yi sallama a zaure. Ya kwance huhu, ya zaro takarda daga tsakanin ganye, ta yi laushi da danshin goro. Ya ce wani ne ya ba shi a hanya, shi ma wani ya ba shi, abin da aka ce kawai a kai gidan wane a Gaya. Bai san kome ba bayan wannan, ko ruwa bai tsaya sha ba. Baffa ya sa aka saki asabarin zaure, ya aika aka kira ni. Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, matar yayana a bayanta da goyo.

Baffa ya miƙo mini ya ce, "Karanta."

Layi bakwai ne, rubutun hannu mai kyau, da hatimi a ƙasa. Na ga sunan yayana, na ga sunan ubanmu, na ga Gaya. Na buɗe baki na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda mushe ya koya mana, tun daga sama har ƙasa, ban tsallake ko ɗaya ba. Da na kai ƙarshe Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ya iya."

Baffa ya ce, "To, me ya ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

"Ba yanzu ka karanta ba?"

"Na faɗi baƙaƙen. Amma ba harshen da aka koya mana ba ne. Wannan na Ingilishi ne."

"Baƙaƙen ba iri ɗaya ba ne?"

"Iri ɗaya ne."

"To. Nasara ne, rubutunsu ɗaya, bakinka bai yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya, sannan ka ce mana ba ka ji ba. Shekara huɗu muna noma babu kai."

A lokacin nan, a wurin mutanenmu, wanda bakinsa ya bi rubutu ya karanta ke nan, babu wani abu bayan wannan. Na so in ce masa shi ma kullum asuba yana karanta surorin da bai san fassararsu ba, amma wa ya isa ya faɗa wa Baffa haka. Na sunkuyar da kai. Shirun nan nawa shi ya ɓata al'amarin. Baffa ya daɗe yana dubana, sannan ya juya wajen Inna, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Yaron nan ya gani. Tausayinki yake ji. Nasara ba ya ɓata takarda a kan talaka mai rai. Da yana da rai da baki zai aiko."

Inna ta matso har na ji ƙamshin daddawa a hannunta. Ta ce, "Ɗan nan, in ya mutu ka gaya mini. Na binne ubanku, ban mutu ba."

Na ce, "Wallahi, Inna, ban sani ba."

Tafintan kumandan, mutumin bakin teku ne, kowa ya san yana jin Ingilishi. Amma kai masa takardar nan daidai yake da in je in miƙa kaina a auna mini hula. Ba wanda ma ya ambace shi. Baffa ya ce mamaci ba ya jiran ɗan lakwal, yana can kwance ba addu'a ba sadaka, matarsa kuma tana yawo da kitso. Ya yanke cewa ran Juma'a bayan an sauko za a yi sadaka, a ce fatake ne suka kawo labari, matar ta shiga takaba. Da mata suka koma ciki ya riƙe ni a zaure. Ba mugun mutum ba ne Baffa, kwana biyun nan na rana ba su bar shi ba. Ya ce, "Ka yi tunani. Wanda ya mutu kumandan ba ya nemansa, ba ya neman ƙanensa. In ka ce mana ya mutu, kai ma ka tsira." Ya mayar mini da takardar, ya ce in ɓoye ta inda ko kaza ba ta tonowa.

Laraba duka na yi ta a bayan rumbu ni kaɗai. Na shimfiɗa takardar a cinya ina neman kalmomin da suka yi kama da na Faransanci, kamar mai neman dangi a baƙuwar kasuwa. Na sami uku: asibiti, likita, dangi. Na yi murna, sannan murnar ta koma ciki, don mutum na iya kwanciya tsakanin kalmomin nan uku, yana kuma iya mutuwa tsakaninsu. Abin da ke raba kwanciya da mutuwa yana cikin ƙananan kalmomin da ke tsakani, masu baƙi biyu ko uku, suna ta maimaita kansu, ni kuwa ko ɗaya ban sani ba. Yaran yanzu suna da ƙamus, suna da mushe, suna da maƙwabcin da ya yi Legas. Ni abin da nake da shi inuwar rumbu da tururuwa.

Nan matar yayana ta iske ni, ta zo ɗibar hatsi. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta. Ba ta wuce ni ba tare da ta ce, "Mijina ƙarami, in yayanka ya daɗe kai zan koma wa, ko da yake ƙwaurinka bai kai na zakara ba." Ranar nan ba ta yi wasa ba. Ta tsaya da ƙwarya a hannu, ta dubi takardar, ta ce, "Kada ka gaya mini abin da ba ka gani ba. Ko mai daɗi ne." Ta ɗebi hatsinta ta tafi.

Akwai wani tsohon Banufe a bakin ruwa, mai gyaran jirage. An ce ya yi shekaru a madafar jirgin hayaƙi tsakanin Lakwaja da bakin teku, kunnensa ya cika da Ingilishi, amma ko alif bai sani ba a rubuce. Tun Laraba na tuna da shi. Abin da ya hana ni zuwa, mutum ne mai surutu, kuma gardawa na zama wurinsa shan inuwa. Alhamis da safe na fita zan je, na kai bakin kasuwa na komo. Na sake fita, na tsaya gindin tsamiya ina tunanin abin da zai faru in ya faɗa wa wani, wanin ya faɗa wa wani. Sai bayan azahar, da na ji Baffa na cewa a jiƙa geron gumba, na sa takardar cikin hula na gangara.

Na iske shi zaune cikin wani jirgi da aka jawo tudu, yana buga tsumma. Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne, saboda haka tun daga nesa ya ce, "Ashe bayina sun fara tuna ubangidansu. Bakatsine, me ka kawo mini, ko hannu biyu kamar kakanka?"

Na ce, "Baba, magana ce."

Ya dubi fuskata ya ajiye guduma. Na hau jirgin na tsuguna, na gaya masa komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Kai kana da ido ba kunne, ni ina da kunne ba ido. Mu gwada mu ga ko za mu yi mutum ɗaya. Karanta."

Na karanta kalmar farko. Ya rufe ido ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Wannan ba Ingilishi ba ne, kukan agwagwa ne. Da hanci kake yi kamar Bafaranshe. Su da haƙori suke yi. Kuma ka daina haɗiye wutsiyar kalma, su ba sa barin komai a kwano." Haka muka fara. Kowace kalma sai in juya ta sau uku, sau huɗu, in buɗe baki, in matse, in ja ta, in gajarta, shi yana zaune ido rufe kamar mai sauraron kifi a ƙarƙashin ruwa. Wani lokaci ya girgiza kai, wani lokaci ya ɗaga yatsa ya faɗi kalmar yadda Ingilishi ke faɗinta, in ji ta yi nisa da abin da ke rubuce har in yi shakkar ko ita ce. Muka sami kalmar ƙafa. Muka sami uwa. Muka sami yanka. Rana ta karkata, muna da kalmomi wajen goma a warwatse, ba mu san wa ya yi wa wa me ba.

Ya ce, "Kana miƙo mini kifi ɗaya ɗaya. Jawo tarun gaba ɗaya. Ni ban taɓa jin Bature ya faɗi kalma ɗaya ya tsaya ba. Karanta layin duka, da sauri, da faɗa, kamar na ƙona maka miya."

Na ji kunya, amma na yi. Na ɗaga murya na zuba layin kamar mai zagi. Sai ga tsohon ya buɗe ido ya ce, "Yawwa. Sake." A cikin gudun nan ƙananan kalmomin da suka gagare ni suka manne da manyan, kunnensa ya gane hanyar da ya saba bi. Muka yi layi na biyu haka, muka yi na uku. Ina cikin na huɗu, murya sama, inuwa ta faɗo cikin jirgin.

Gardi ne, da jar hularsa da bulala a hamata. Ban ga lokacin da hannun tsohon ya motsa ba, na dai ga takardar ba ta cinyata, tsumman da yake tsomawa cikin man kaɗe yana kanta.

Gardin ya ce, "Me ake rerawa nan?"

Tsohon ya ce, "Bawana ke koya mini Faransanci. Aikinka nake so in nema, na ga ba a komai sai yawo da cin kifin mutane."

Gardin ya yi dariya ya zauna a bakin jirgin, hannunsa bai fi taki ɗaya daga tsumman ba. Ya roƙi taba, tsohon ya ba shi. Ya zuba a leɓe, ya juyo ya dube ni tun daga ƙafa har kai, a hankali, yadda ake duban rago. Ya ce, "Kai ne ƙanen wanda ya gudu ko? Ka yi tsawo." Na ce i. Ya ce, "Ba labari?" Na ce babu. Ya ɗauki gefen tsumman ya goge yatsunsa da suka yi taba, ya yar, yana ba tsohon labarin wata dorina da ta kifar da jirgi a Tanda. Kusurwar takardar ta leƙo fara sol. Tsohon ya miƙe ƙafa ya ɗora diddige a kanta, yana ta tambayar gardin girman dorinar. Sai da aka busa ƙahon la'asar a bariki gardin ya tashi.

Da muka ɗaga tsumman, mai ya ci kusurwa ɗaya, kalma biyu na layin ƙarshe sun narke. Muka ƙarasa da murya ƙasa. Kafin rana ta faɗi tsohon ya lissafa mini a yatsunsa. Ranar da aka yi rubutun yayana na da rai. Yana kwance wurin likitan barikin Ingilishi, yini biyu a jirgi in an bi ruwa. Ƙafarsa ta lalace. Likita na son yankewa, shi ya ƙi, ya ce sai uwarsa ta zo. A zo da sauri.

Na ce, "Baba, ka tabbata ba cewa aka yi an riga an yanke ba? Ka tabbata ba cewa aka yi ƙafar ta kashe shi, uwarsa ta zo ta ɗauki kayansa ba?"

Ya ce, "Kunnena bai ji haka ba. Kalmar sauri kuwa, ita ce aka fi faɗa mini a duniya, ko a kabari na ji ta zan tashi. Akwai jirgin 'yan'uwana da zai gangara gobe da asuba. Je ka gaya wa tsohuwa ta ɗaura kaya."

A nan ne na yi abin da har yau nake juyawa. Na ce a'a, sai mun sake bi gobe da safe, da ido sabo da kunne sabo. Ina tsoron kalma biyun da mai ya ci. Ina tsoron in ɗauki tsohuwa in kai ta ƙasar da ba ta sani ba, ta iske kabari. Ina kuma tsoron kaina. Tun da Baffa ya ce mutuwar yayana ita ce tsirata, na daina yarda da zuciyata. Wani sashe nata na son ya mutu, na sani, na ji shi. Saboda kunyar wannan sai nake ganin kamar ina tura karatun wajen rai da ƙarfi, kamar ni ne na sa wa tsohon kalmomin a kunne. Na ce ba zan buɗe baki a gida ba sai na tabbata ba ni na rubuta takardar nan da son raina ba.

Tsohon ya ce, "Bakatsine, mai yawan auna zurfin ruwa a gaɓa yake tsufa." Ban saurare shi ba.

Juma'a da sassafe na koma. Jirgin 'yan'uwansa ya riga ya tafi, na ga gurbinsa a laka. Muka sake bi, wannan karon daga layin ƙarshe zuwa na farko, don kada abin da muka ji jiya ya ja mu. Tsohon bai sake ko kalma ɗaya ba. Na sa takardar cikin hula na hau tudu da gudu.

Tun daga bakin unguwa na ji turmin gidanmu, mata uku ke dakan gumba. A tsakar gida matar yayana na zaune a kan tabarma, wata tsohuwar maƙwabciya na kwance mata kitso, an gama gefe ɗaya. Baffa na alwala. Na tsaya a gabansa na faɗi abin da ke cikin takardar, yadda tsohon ya lissafa, ban ƙara ba ban rage ba. Taɓaren suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Baffa ya ce, "Ran Talata ba ka iya ba, yau ka iya. Za ka rantse?"

Na ce, "Ba zan rantse yana da rai yau ba. Na rantse takardar ba ta ce ya mutu ba."

"Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

"Na sani, Baffa."

Inna ta tashi ta gyara ɗaurin zane, ta ce wa matan, "Ku ƙarasa, a raba wa yara." Matar yayana ta janye kanta daga hannun tsohuwar, ta ɗaura kallabi a kan kitso rabi. Baffa ya ajiye buta. Sannan ya ce za a ce Inna ta tafi bikin suna wurin danginta, ni na raka ta. Ya shiga ɗaki ya fito da bargonsa ya jefa mini, ya ce, "In kun isa, kai kada ka komo sai an daina kamu."

Ba mu sami jirgi ba sai Asabar da yamma. Yanzu mota na yin tafiyar nan kafin shayi ya huce. Mu sai Litinin muka isa. Ɗakin jinya doguwar bukka ce a bayan bariki, wari ya tarye mu tun daga ƙofa. Yayana na kwance a gado na ƙarshe, ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Gungumen katako ne ya faɗo masa wurin lodin jirgi. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya ce, "Wa ya karanta muku? Kada dai a ce ɗan lakwal." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Ya ce wa Inna, "Na gaya musu ba ni na haifi ƙafar nan ba. Mai ita ta zo tukuna."

Inna ta ɗaga mayafin ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta sauke. Ta ce wa ma'aikacin likitan, wani Bahaushe mai farar riga da ke yi musu tafinta, "Gaya masa ya yanke. Ni ɗa na zo nema."

A ranar aka yi. Ya rayu. Daga baya matarsa ta bi shi can, ya koyi saƙar taru, ya haifi 'ya'ya shida bayan wannan, ya mutu da furfura. Amma can sama aka yanke, kusa da cinya, inda ko ƙafar itace ba ta zama, da sanduna biyu ya yi sauran rayuwarsa. Ma'aikacin ne ya gaya mini, ba da wata manufa ba, muna wanke hannu a bakin randa, cewa ranar da aka rubuta takardar baƙin ruɓewar bai kai gwiwa ba.

Washegari na tsaya a ƙofar bukkar har likitan ya fito. Dogon Bature ne mai jan wuya, yana tafe yana goge tabarau. Na roƙi ma'aikacin ya tambayar mini shi, da mun iso kwana biyu kafin haka, da an bar masa gwiwar? Ma'aikacin ya juya ya tambaya. Likitan ya tsaya. Ya dube ni, ya yi magana mai tsawo, a hankali, ba faɗa, yana nuna gwiwarsa da hannu, ya ɗaga yatsu, ya sauke, ya ƙara wata maganar. Na kasa kunne iyakar ƙarfina. Na tsinci ƙafa, na tsinci kwana, sauran suka wuce ni kamar ruwa. Da ya gama ya dafa kafaɗata ya tafi.

Na ce wa ma'aikacin, "Me ya ce?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Ya ce Allah ne ya sani."

Maganar ta fi haka tsawo. Na buɗe baki in ce ya sake mini ita ɗaya bayan ɗaya, sai na ji yayana na kirana daga ciki, yana son a juya shi. Na shiga na juya shi.